Ranar da jarida ta mai da ƙanena baƙo

Bakina ne ya jawo mana, kuma har gobe ban daina jin haushin kaina ba. Tun ina yarinya mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, take cewa bakina ya riga hankalina tashi daga barci. Ban yarda da ita ba sai a kan maganar gudun ƙanena.

Ƙanen nawa gyaran mota yake yi a Abossey Okai, mu kuwa muna Maamobi, duka unguwanni ne a birnin Accra. Mutum mai hankali trotro yake hawa, wato motar haya, amma shi da an sallame sallar asuba sai ya ɗaure kayan aikinsa a baya ya zuba da gudu. Ranar Lahadi ma ba ya hutawa, sai ya je unguwar Madina a guje ya dawo, kafin in gama sauke tukunyar waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa a bakin titi. 'Yan unguwa su yi ta masa tsiya, suna tambayar wa ya biyo shi. Ni ce ma kan gaba wajen tsokanar. Nakan ce masa ɗan halak ba ya gudu sai an koro shi, shi kuwa sai ya yi murmushi ya miƙo kwano in zuba masa.

A shekarun nan na saba'in, kalmar kora ba abin wasa ba ce a zongo, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, ni ce dai ba ni da ta ido. Ba a daɗe ba da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Mun ga an loda maƙwabtanmu a manyan motoci, da tabarminsu da tukwanensu. Ƙanwar Mma tana cikinsu, kuma ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Mu ba mu da takardar komai. Kakanmu ne ya zo daga Katsina da fataucin goro, aka haifi Mma a nan, aka haife mu a ɗaki a hannun ungozoma. Wa yake zuwa neman takarda a lokacin? Ragon suna shi ne shaidar. Allah ya rufa mana asiri guguwar ta wuce ba ta ɗauke mu ba, amma tun daga nan Mma take ajiye ƙullin kaya a ƙarƙashin gado: zannuwa biyu, carbi, da hoton marigayi Babanmu.

To sai aka shirya babban gudun fanfalaki a Accra, irin wanda ake zagaya gari tun safe har rana ta take. Manyan 'yan gudu ne a ciki, na soja da na 'yan sanda, har da waɗanda suka zo daga wasu ƙasashe. Ƙanena ya sa sunansa, ya shiga da takalmin kambas da ya sha ɗinki. Na bar wa maƙwabciyata tukunya na tafi inda za a ƙare, niyyata in samu abin yi masa dariya. Wallahi da na hango mutum na farko ya karyo kwana, sai da na mutsuttsuke idona. Shi ne, shi kaɗai, sojan da yake bin sa ma sai can baya. Na yi guɗa har muryata ta dushe.

Yana tsallake layin ya zube ƙasa, ana zuba masa ruwa. Ni kuwa ina ta faɗa wa duk wanda ya kalle ni cewa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Nan wani ɗan jarida mai ɗan littafi a hannu ya matso, ya tambaye ni da yaren Twi daga ina muke.

A zongo idan an tambaye ka daga ina kake, ba wanda yake cewa Maamobi ko Nima. Kowa ya san nan kake kwana. Asalinka ake tambaya. Wanda bai taɓa wuce Madina ba zai ce maka shi Bakano ne, ko Bazabarme, ko Basakkwace, kuma da haka ake sanin gidan da ka fito da wanda za ka yi wa wasa. Haka aka tarbiyyantar da mu. Sai na ɗaga kai na ce masa mu Katsinawa ne. Ya ce ta Najeriya? Na ce akwai wata Katsinar ne? Ya rubuta, ya yi gaba. Ƙanena yana kwance taku biyar daga wurin, ɗan jaridar bai ko tambaye shi sunan unguwarsa ba.

Washegari wani malamin makarantar boko da muke haya gida ɗaya ya shigo da jarida. Muka kewaye shi a tsakar gida, har Mma ta sa sabon mayafi. Babban hoto ne a shafin baya, amma na sojan da ya zo na biyu ne, an ɗaga hannunsa sama. Malam ya fara fassara mana, sai na ga yana rage murya. Jaridar ta kira sojan ɗan ƙasa na farko da ya iso, ta ba da labarin garinsu da iyayensa da wahalar da ya sha. Ƙanena kuwa layi kaɗan aka ba shi a ƙasa. Wai wani baƙo ɗan Najeriya da yake zaune a zongo shi ya riga kowa. Marubucin ya tambaya ko an duba takardunsa kafin a bar shi ya shiga, sannan ya ƙara da shaguɓe wai samarin wajen Nima dama sun saba da gudu.

Mma ta miƙe ta shiga ɗaki. Da na bi ta, na tarar ta jawo ƙullin nan tana ƙara masa ɗauri.

Tsoron da na ji a makonnin nan ban taɓa jin irinsa ba. Da zarar babbar mota ta tsaya a bakin titi, sai ludayi ya faɗi daga hannuna. Masu sayen waakye da suka san ni shekara da shekaru suka fara tambayata, wai ashe ku 'yan Najeriya ne? Wasu da wasa suke yi, amma ni ba na jin wasan. Tsofaffin unguwa suka aiko a ja mana kunne, wai sunan zongo ya shiga jarida tare da maganar takarda, kuma idan aka zo bincike ba gidanmu kaɗai za a shiga ba. Rannan da hantsi wani mutum mai kaki ya zo yana tambayar gidan mai gudu. Na rantse masa ban san shi ba, alhali wandon ƙanena yana shanye a igiya a bayana. Daga baya muka ji daga wajen masu shirya gudun yake, suna son takardar haihuwa kafin su miƙa kofi. Ba mu je ba, kofin ma ba mu sake tayar da zancensa ba.

Ƙanena ya roƙi malam ya raka shi ofishin jaridar, can wajen Kokomlemle, don a gyara. Suka yini a kan benci. Da aka saurare su, sai aka buɗe ɗan littafin nan aka nuna musu, aka ce abin da yayarsa ta faɗa da bakinta aka rubuta. Malam ne ya ba ni labari. Shi ƙanena ko da wasa bai taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi mari zafi.

Da suka dawo Mma ta kira shi, ya durƙusa a gabanta. Ba ta hana shi gudu ba, ta san ba zai iya bari ba. Cewa ta yi: "Ɗan nan, don Allah kada sunanmu ya sake shiga takardar mutanen nan. Na tsufa da hawan babbar mota." Ya ce ya ji, ya yi mata alkawari.

Ba wanda ya zo kama mu. Kwanaki suka tafi, jarida ta koma kan wasu. Da shekara ta zagayo aka sake shirya gudun, ya sake shiga. Na je, amma a wannan karon na tsaya nesa da masu littafi, na ja mayafina na rufe bakin nan nawa. Gabana yana ta faɗuwa, don na san babu mai kamo shi, kuma na san abin da za a rubuta.

Ya karyo kwanar nan shi kaɗai kamar bara. Saura ɗan kaɗan ya kai, sai na ga ya waiwaya. Ya rage gudu, ya koma gefen titi, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi. Ina kusa, ina ganin igiyar, ba ta kwance ba. Mutum ɗaya ya wuce shi, na biyu ya wuce, yana nan sunkuye. Sai da na uku ya wuce sannan ya miƙe ya ƙarasa. 'Yan kallo suna ta dariya, wai ɗan zongo ya yi sakarci.

A hanyar gida na kasa haƙuri, na tambaye shi don me. Ya ce: "Yaya, na huɗu ba a tambayarsa daga ina yake."

Washegari malam ya duba jaridar tun daga farko har ƙarshe, babu sunansa ko a layi ɗaya. Mma ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta sa masa albarka. Ni kuwa na zaga bayan gida inda nake hura wuta, na yi kuka har waken da na ɗora ya ƙone.