Sunan da Aka Ɗora wa Yaya

Akwai wani sunan matan Faransawa da ya addabe ni a Jidda. Ba zan rubuta shi ba. Ko na so ma karatuna bai kai can ba, tun ina ƙarami ni da makaranta muka raba gari. Yana jikin kwalbar wani turare mai arha da nake talla a Kurayyat. Yana saman ƙofar wani shagon gyaran gashi a Bani Malik. Wani leshi da matan Nijar ke rububi, sunansa ke nan. Har kyanwar maƙwabcinmu da shi ake kiran ta.

Yayata ma da shi take amsawa. Gidan da take aikatau a Madain Fahd, 'yar aikinsu ta farko wata Kirista ce daga Kamaru mai wannan suna. Da ta tafi, uwar gidan ta ga koyon sabon suna wahala ne, duk wadda ta zo sai a zura mata shi kamar rigar aiki. Yaya ba ta da iƙama, takardar izinin zama, ba ta da bakin musu. Ni kuwa na samu abin tsokana. In ta zo hutu ranar Juma'a sai in miƙa mata kwalbar, in ce ashe kamfani gare ta muna nan muna shan rana. Takan ɗaga takalmi ta ce ba don furfurata ba da ta gyara min zama.

Ranar da ta faɗi a kicin, direban gidan ne ya kai ta asibiti. Da aka tambayi sunanta ya faɗi wanda ya sani. Ni kuma na yi ta zaga asibitoci da sunan da Baba ya raɗa mata, ko'ina a ce babu. Sai da ƙafata ta kumbura kafin wannan kan nawa ya tuna da sunan da ke jikin kwalbar.

A ɗakin ajiye gawa na same ta. Ma'aikacin ya ce mai irin wannan suna ba za a yi mata sallah ba, maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba za a kai ta, sai dai in na kawo shaida. Ni da ko takardar kaina ba ni da ita.

Na koma gidan na tsuguna a ƙofa. Uwar gidan ta ƙi fitowa, tana tsoron hukuma. Surukarta ce, tsohuwar da ba ta iya tafiya, ta sa aka tura ta a keke har gaban ma'aikacin.

"Ita ke yi min alwala," ta ce masa, "sannan ta yi tata. Halas, shi ke nan."

Ya tambaye ta sunan gaskiya. Ta juyo ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Na faɗa, ta maimaita a hankali, ba daidai ba.

Bayan la'asar aka sallace ta. Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, dutse kawai ake sawa. Turaren kuwa har yau ina sayar da shi, don shi ya fi tafiya. Kife kwalbar nake yi, rubutun ya kalli ƙasa.