Ma'u da Kaskon Zinariya

A Wurno, can shiyyar masunta, zamanin da ganuwar garin ba ta ko fara zaizayewa ba, an yi wata mata ana ce mata Ma'u. Ba sarauta, ba dukiya, kyau kuma sai dai a ce Allah ya ba ta lafiya. Abin da ta iya shi ne kaji. Sauran mata kiwo suke yi, ita Ma'u tarbiyya take bayarwa. Takan cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya, ta kife bakin shuri, da safe ta kwaso gara. In ta ƙwanƙwasa ƙwarya da ludayi, kajinta ko suna bayan gari sai sun sheƙo. Na maƙwabta su biyo, ta tsaya bakin ƙofa tana tankaɗe su kamar mai rabon tuwon biki.

Wata damina muzuru ya kashe mata kaza mai 'ya'ya, ya bar guda. Fingi ce, mai gashi a birkice kamar an tashe ta daga barci da mari. Ma'u ta sa ta a ƙoƙo da auduga, ta kai ɗaki, ta raɗa mata suna Zinariya. Kada ku tambaye ni inda ta ga zinariyar.

Zinariya ta girma ba ta san akurki ba. Nan kwana, nan wuni, in Ma'u na kaɗi tana bisa cinyarta. Sai dai ɗakin ba na Ma'u kaɗai ba ne. Mijinta Lawwali masunci ne, mutumin da ke wuni cikin ƙarnin kifi, amma in ya dawo gida tsabtarsa ta fi ta liman. Ran nan ya shimfiɗa buzunsa zai yi la'asar, ya tarar an riga shi sa hannu.

"Ke Ma'u! Mi na wanga?"

"Kai ko, Malam, da girmanka ba ka san kashin kaza ba?"

"Na sani. Na kuma san romonta. Ta ƙara ɓata wani abu gidanga, wuƙa ta."

Ma'u ta san mijinta. Bai da yawan magana, amma in ya faɗi abu sai ya cika, ko don kada a ce ya fasa. Ita kuwa 'ya'yanta duk sun yi aure sun watse, ba mai taya ta hira in Malam ya tafi gulbi sai wannan birkitacciya.

Ta ajiye mazari ta koma gadin gindin kaza. Da haka ta gano kaza ba ta yin abinta ba sallama: sai ta tsaya cik, ta ɗan ja da baya, ta ɗaga wutsiya. Ma'u ta samo kasko, ta cika da toka, ta ajiye bayan ƙofa. Da ta ga an fara ja da baya sai ta sure ta, ta dire cikin kasko. In an yi a ciki, ga gara. In an yi a ƙasa, ko kallo babu. Sau nawa aka yi mata a zane tsakanin gado da ƙofa, Allah kaɗai ya sani. Mata kan leƙo ta bisa danga.

"Ma'u, ɗiyar taki ta sauke karatun, ko tana nan ga babbaƙu?"

"Ta dai hi naku ɗiya, da ka yi bakin rijiya."

Kafin a yanke gero, Zinariya da ƙafarta take zuwa. Ko tana tsakar gida abin ya taso, sai ka ga ta nufi kasko da sauri, wuya a miƙe, kamar wadda aka aika. Buzun Lawwali ya zauna lafiya. Bai yaba ba, amma bai ƙara zancen romo ba.

Bayan kaka sai ga yayarsa Hawwa daga Boyekai, wadda suke kira Adda. Tsohuwa ce mai ji da miyarta, ba ta yarda da tokar kowa ba. Da kanta take zaɓen karan gero, ta ƙone, ta tankaɗe, duk inda za ta da ƙunshinta. Washegari da hantsi ta ce yau za ta nuna wa ƙanenta yadda ake miya, tunda ya daɗe yana cin haƙuri. Ta ɗauki sabon kasko, ta juye tokar duka don ta sha iska kafin a tace, ta shiga maƙwabta gaisuwa. Ma'u na rijiya.

Zinariya ta fito. Ga kasko, ga toka, mai laushi irin wadda ba ta taɓa samu ba. Ta hau ta yi. Ta tona da ƙafa, ta gauraya tas, sannan ta tsaya gefe tana jiran ladanta.

Haka sunka same ta su uku. Adda ta dafe ƙirji tana salati. Lawwali ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa. Ma'u ta dire tulu, ta sure kazarta ta rungume.

"Malam, ba ɓarna tay yi ba. Abin da anka koya mata shi tay yi."

"Na hwaɗi ko ban hwaɗi ba?"

"Ka hwaɗi."

"To miƙo ta."

Ma'u ta ƙara ƙanƙame kazarta.

Adda ta ce, "Dakata. Wa anka koya ma mi?"

Ma'u ta yi mata bayani. Adda ta ce ƙarya ne, ita ta tsufa cikin kaji, kaza ko uwarta ba ta sani ba balle kasko. Ta sa aka ɗauko na bayan ƙofa, ta kai shi gindin rumbu da hannunta, ta zauna a turmi ta ce ba mai motsi. Lawwali na tsaye da wuƙa, rana na dukansa, kifinsa na jiran gyara. Can Zinariya ta tsaya cik, ta waiga, ta ratsa tsakanin ƙafafun mai wuƙar ta haye kasko.

Adda ta yi dariya har sai da ta zamo daga turmi.

"Lawwali, mai da wuƙarka."

"Adda, na riga na yi magana."

"Tokar wa anka ɓata, taka ko tawa? Ni na goye ka, kai ma ka yi min a baya ba sau guda ba, wa yay yanka ka? Kuma in ka yanke ta, wa za ya yarda da ni in na ba da labarinta Boyekai?"

Gaba da gaba ba a musu da Adda. Wuƙa ta koma kube. Adda ta so a ba ta kazar ta tafi da ita, Ma'u ta ce sai dai a haɗa da ita kanta a kai. Sunka shirya a kan 'yan tsaki: in Zinariya ta ƙyanƙyashe, Adda ta zaɓa, Ma'u ta koya mata yadda ake yi. Sai dai lokacin ko ƙwai ba ta fara ba. Adda ta ce ba komai, tana jira.

Ta kuwa jira, nan cikin gidan. Lawwali ya ci rani guda tsakanin mata biyu masu baki da kaza mai gata, har abokansa masunta na tambayarsa mi ya sa yanzu yake riga kowa zuwa gulbi. 'Yan tsakin da Adda ta tafi da su, an ce ko guda ba ta koya ba, don Adda ba ta iya zama wuri ɗaya ta yi shiru.

Zinariya ta tsufa a ɗakin Ma'u har ta daina ƙwai, ba wanda ya ƙara yi mata zancen tukunya. Ma'u kuwa, har ƙarfinta ya ƙare, in mata sun kawo mata kukan kaji sun hana su shanya, sai ta ce su zauna tukun ta ga ko suna da haƙuri. Yawancinsu kafin ta gama kaɗa abawa guda sun tashi.