Jirgin da Alcide Fontenette Ya Ji a Cikin Bango

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Alcide Fontenette, mai shafen bango, ya rasu a barandar gidansa da ke unguwar Tremé, New Orleans, yana da shekara tamanin da ɗaya. Matarsa Earline ta shiga ɗauko masa kofi ke nan.

Parrain, haka nake kiranka tun da ka riƙe ni a coci ranar baftisma. Kai ka koya mini kankare bango, kai ka zauna layin gaba ranar da na karɓi digirin tarihi.

Aikina na farko rahoto ne kan wani gida a unguwar Bywater da mai shi ke son rushewa. Takardar gidan ta ce a 1924 aka gina shi. In haka ne, kwamitin kare tsofaffin gine-gine zai bari a rushe. Na kai ka, ka ƙwanƙwasa bangon.

Ka ce, "Jirgin ruwa ne a ciki."

"Parrain, ba zan rubuta abin da ban gani ba."

"To, 'yar boko, tambayi takardar taki ko ta taɓa riƙe guduma."

Ranar Litinin, da izinin mai gida, na buɗe bangon. Fenti hawa bakwai. Ƙarƙashinsu jaridar Jamusanci, ƙarƙashinta ta Faransanci, sai shafen farar ƙasa da aka kwaɓa da gashin doki. Sai ga katako, faɗin inci ashirin da biyu, da ramukan turaku! Jikin jiragen nan ne da ke gangaro da kaya ta kogin Mississippi tun kafin 1924 da daɗewa, a farfasa su a nan a yi gini da su don ba sa iya hawa kogin su koma. Gidan ya girmi takardarsa nesa ba kusa ba. Nan take na kira ka a waya.

"Kin auna sau biyu?"

"Sau uku."

Ka yi dariya har da tari. "Juma'a, ranar zaman kwamiti, zan sa kwat in zo in ga fuskokinsu."

Allah ya ji ƙanka, Parrain, ya ba ka hutu na har abada. Ya ba Nanan Earline, uwata ta baftisma, da 'ya'yanku, Curtis da Delphine, haƙurin rashinka.

Ga abin da ban sani ba tukuna: garin da jirgin ya taso, shekarar da aka farfasa shi, sunan wanda ya kafa katakon, da ko ɗa ne ko bawa. Ban kuma san ko kwamiti zai yarda da ni jibi ba, ni kaɗai a gabansu, wata uku da fara aiki. Zan je da katako ɗaya a kafaɗa.