Warin da Ya Bi Rigar Malam Tankari

Duk wanda ya taɓa kwana a Dengfeng, unguwar baƙi ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, ya san Malam Tankari. Shi ne dattijon nan ɗan Maraɗi wanda da an sallame Asuba zai fara bin benaye yana ƙwanƙwasa ƙofofi, ya ji wa ya kwana da zazzaɓi, wa za a raka asibiti. Sinancinsa na kasuwa ne, rabi da baki rabi da hannu, amma da shi ya yi wa Kanawa da 'yan Yamai tafinta shekara da shekaru. Shi ne kuma yake jan salla a ɗan ɗakin da 'yan kasuwa suka kama. Yanzu zai koma gida, don haka ya kamata a faɗi abin da shi ya ƙi faɗa.

A shekarar wasannin Olamfik aka matsa wa baƙi kan biza, kowa ya shiga taitayinsa. A lokacin ne Ma'azu, wani Bakano da jarinsa ya karye, ya yi ɓatan dabo. Wasu suka ce an kama shi, wasu suka ce ya tsallaka iyaka. Rannan da hantsi sai ga wata tsohuwa 'yar ƙasar tana tare duk baƙin mutum da ta gani, har aka haɗa ta da Tankari. Ta ce tana da ɗan gidan dafa giyar shinkafa a bayan gari, gadon kakan mijinta, kuma akwai wani baƙin mutum ɗan'uwansu a ramin ajiyar giya da ke ƙarƙashin gidan, ba ya ci, ba ya hawowa. Mutane suka tambaye shi me ta ce, ya ce saƙo ne nasa. Ya bi ta shi kaɗai.

Ta ɗakin ɗanɗano suka shiga. Dogon tebur ne da ƙananan kofuna, sai hotunan magabatan gidan a bango, turare yana hayaƙi a gabansu. Tsohuwar ta zuba masa kofi kamar yadda take yi wa kowane baƙo. Ya dafa ƙirji ya girgiza kai. Ba ta ji haushi ba, ta juye shi a ƙasa gaban hotunan, ta nuna masa matakala.

Waje zafi kamar ya dafa mutum, amma ramin sanyi ƙalau. Manyan tuluna ne masu kai wa ƙirji, an liƙe bakunansu da laka da jan ƙyalle, sun jeru sahu-sahu kamar masu jiran liman. Wasunsu suna ɗan huci a hankali. Tankari yana tafe yana karanta abin da ya sawwaƙa, sai ya ji murya daga can cikin duhu, da Hausa tsantsa, tana gaida Inna da kwana, tana tambayar ya ƙafar Baba. Muryar takan yi shiru ta jira amsa, sannan ta ce madalla. Tsoro ya kama Tankari sosai, amma bai juya ba.

Ma'azu ne kwance a bayan tulun ƙarshe, ya rame kamar kara, zazzaɓi ya sa yana kiran tulunan da sunayen mutanen gidansu. Ashe nan ya ɓuya, yana ɗaukar tuluna ana ba shi abinci. Da ya gane mai zuwa sai ya rufe fuska.

"Malam, ka bar ni a nan. In aka ji inda na ci abinci, da wane ido zan kalli 'ya'yana?"

"Hau bayana," in ji Tankari. "Ni kaɗai na gan ka, ni kuwa ban ga komai ba."

Wajen hawowa ƙafar mara lafiyan ta ture wani ƙaramin tulu daga kan kanta, ya fashe, giyar ta jiƙa rigar Tankari sharkaf. Ya kai Ma'azu asibiti, ya dawo don ya yi wanka, sai ya yi kiciɓis da wani ɗan kasuwa, Alhaji Maidaji, a matakalar bene. Alhajin ya ja hanci ya wuce, amma kafin Magariba labari ya gama Dengfeng cewa liman yana warin giya. Aka titsiye shi ya faɗi inda ya je, ya ce Allah ya sani. Daga ranar aka sa wani a gaba yana jan salla, shi ya koma sahun baya. Ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi, wasu su buɗe, wasu su yi kamar ba sa nan.

Ma'azu ya warke ya koma Kano. Bana da ya ji Tankari zai tafi, ya bugo waya aka buɗe murya a ɗakin salla, ya tona kansa da bakinsa yana kuka. Kowa ya sunkuyar da kai, ban da Tankari da ransa ya ɓaci.

"Wa ya aike shi?" ya ce. "Mutum da 'ya'ya mata a gabansa."

Kai ne marufin asiri, Malam Tankari. Ka bari aka zubar da mutuncinka don na wani ya tsira, ba ka taɓa neman a wanke ka ba. Mun gode, kuma muna jin kunyarka. Allah ya kai ka Maraɗi lafiya, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Mu da muka rage, in mun ji wari a rigar ɗan'uwa, mu tuna wataƙila wani ya goyo.