Akwatin da Aka Hana Kawu Ilu Ƙarasawa

Ina tsaye da babur ɗina a garin Kongolam da hantsi, ina jiran fasinja, wani direban a-kori-kura ɗan garinmu ya yafito ni. Bai ko gaishe ni ba. Ya ce, "Sai haƙuri, Kawu Ilu kafinta ya riga mu gidan gaskiya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in rufe baki ya ƙara da cewa ai dama an faɗa, tunda mutum ya sassaƙa akwatin gawarsa da hannunsa. Da ba a riƙe ni ba, da ranar an yi jana'iza biyu. Wannan magana tasa ta biyu ita ta sa na ɗauki biro, ni da ban gama firamare ba, wanda ya koyi karatu a jikin tsofaffin jaridun da ake ƙunshe tsire.

Kawu Ilu ƙanen mahaifiyata ne. Duk garinmu na Babban Mutum ba gidan da babu ƙofa ko benci na hannunsa. A bakin shagonsa ya yanke jiki ya faɗi yana goge katako. Hawan jini ne, ya daɗe da shi, kuma iyalinsa sun sani. Ya bar matarsa Inna Hajara da 'yarsu ta auta, Ummi, wadda yanzu take rarrafe.

Mutum ne da bai iya wuce abu a wulaƙance ba. Idan ya ga ƙusa a hanya sai ya duƙa ya ɗauke. Makarar masallacin unguwarmu shi yake gyara ta duk shekara ba tare da an roƙe shi ba, yana cewa bai kamata a girgiza mamaci a tafiyarsa ta ƙarshe ba. Wannan hali ne ya haɗa shi da mesa. Bara da kaka masu sharar gona suka cinna wuta a fadama, suka sassare wata uwar mesa, aka bar 'yarta guda da ƙuna a gadon baya. Ya naɗe ta a rigarsa ya kawo gida. Mu mutanen ƙasar Daura tun muna goye ake ba mu labarin macijin rijiya, shi ya sa duk abin da ke jan ciki hukuncinsa a wurinmu sara ne. Ni ma haka na ce masa. Ya dube ni ya ce, "Mai Babur, ita ba ta da dafi. Kai da ke da shi a baki wa ya sare ka?"

Ya sa ta a tsohuwar ganga a bayan ɗaki, ya rufe da faifan katako, ya ɗora dutse. Ƙunar ta warke, amma ta bar mata taurin baya, ya ce idan ya sake ta a jeji shaho ma ya ishe ta. Tana cin ɓera tana ƙara tsawo. Da ya ga ta fara kai baki ga murfin, sai ya ce ganga ta gama aikinta, ya fara haɗa mata akwati.

Na ga wannan aiki da idona, kuma ban taɓa ganin an yi wa ɗan adam gado da irin wannan kula ba. Ya huda ƙofofin iska ƙanana, waɗanda ɗan yatsa ba ya shiga, domin a cewarsa duk inda kanta ya wuce sauran jikin ba ya neman izini. Ya ƙi sa waya, wai za ta goge mata hanci. Kowace ƙusa da ta leƙo ciki sai da ya lanƙwasa ta ya bi da hannu. Ya yi wa akwatin ƙafafu, ya tanadi gwangwanaye da baƙin mai da za su tsaya a ciki saboda kwarkwasa. Ya ajiye kaskon ruwa mai faɗi da za ta kwanta a ciki idan za ta yi saɓa, da fasasshen tulu na ɓuya. Ya zaɓi wuri a gindin bango inda gefe ɗaya zai sami rana, ɗayan inuwa. Saura murfi da sakata biyu. Ya ce dutse a kan murfi yaudarar kai ne, mesa ba ta gajiya da turawa.

Tsawon akwatin ne ya jawo masifa. Ya yi shi ya kai tsawon babban mutum a kwance, don ya ce yana auna mesar da za ta zama ne, ita ta yau ba ta da wani tsawo. Masu wucewa suka ga dogon akwati a ƙofar shago, ba gado ba ne, ba adaka ba, suka ce akwatin gawa ne irin na waɗanda ba Musulmi ba. Lokacin kuwa shari'a ta shigo da zafinta, kowa na leƙen tukunyar maƙwabcinsa yana neman shirka. Ni ban da faɗa da shari'a, na yi kabbara ranar da aka ƙaddamar da ita. Faɗana da 'yan gulma ne da suka ɓuya a bayanta. Magana ta tashi daga akwatin gawa ta koma tsafi, wai mesar aljana ce, wai kwanciya zai riƙa yi da ita a ciki.

Mai unguwa ya zo da wasu samari. Kawu ya shimfiɗa musu tabarma, ya nuna musu komai, har gangar ya buɗe. Suka ja da baya suna ta'awwuzi. Mai unguwa ya ce a dakatar da aikin sai manya sun zauna. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ita ma mesar ka ce ta dakatar da girma sai kun zauna." Kawu ya daka mini tsawa, ya sa na ba da haƙuri. Da suka tafi ya jingine murfin akwatin da bango, bai ƙara taɓa shi ba, domin shi ba ya tsallake maganar shugaba. Abin da ya yi shi ne ya canza dutsen kan gangar da wanda ya fi nauyi, ya hana a ajiye Ummi a ƙasa a bayan ɗaki. Kowace safiya yana zuwa ƙofar mai unguwa ya tambaya ko an zauna. Har ya koma ga Allah ba a zauna ba.

A wurin zaman makoki na ji ana ƙus-ƙus cewa bayan sadakar uku za a zuba wa gangar kananzir, a haɗa da akwatin. Na yi niyyar in riga su. Na aro sakata, na ɗaura wa akwatin murfinsa yadda na iya duk da ni ba kafinta ba ne, na yi shirin in juye mesar ciki in ɗora a amalanke in fitar da ita daga garin, kowa ya huta. Da rana tsaka na yi sallama na shiga. Inna Hajara na zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, Ummi a cinyarta. Ta ce, "Ɗan nan, tun ranar rasuwar ba wanda ya leƙa wajen. Ni kuma ban ji motsinta ba."

Dutsen yana nan, amma faifan ya goce gefe kamar faɗin yatsu. Na ɗaga. Ba komai a ciki sai saɓa, fara, doguwa, ta fi yadda na san ta nesa ba kusa ba.

Mun kwashe itace, mun duba rumbu da akurki da magudanar ruwa, mun zazzage ɗaki. Ba mu gan ta ba. Mahaifiyata ta goya Ummi ta tafi da ita Baure, yarinyar da ko yaye ba a yi mata ba. Inna Hajara ba ta da ikon barin gidan sai ta fita takaba, tana zaune ita kaɗai da nono na zuba, tana sauraron rufin ɗaki. Waɗanda suka ce a jira manya yanzu su ne ke toshe ƙasan ƙofofinsu da tsumma, kuma an fara ƙirga kaji a unguwar. Ba na yi musu dariya. 'Ya'yansu ma rarrafe suke yi.

Allah Ka jiƙan bawanKa Ilu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa tausayin da ya yi wa halittarKa ya tarye shi a can. Ka wanke sunansa daga bakin waɗanda suka ci namansa. Allah Ka ba Inna Hajara haƙuri da barci, Ka tsare ta daga abin da take ji da wanda ba ta ji, Ka mayar mata da 'yarta lafiya. Ka tsare kowane jariri da aka ajiye a ƙasa a Babban Mutum. Amin.