Lambun Kawu a Barandar Hulme

Jiya a Birmingham na wuce wani gidan abinci mai zagayayyiyar ƙofa irin ta Sinawa, sai Kawu ya faɗo mini a rai, yayan mahaifiyata, tsohon mai zanen gine-gine.

A shekarun tsuke bakin aljihu council, wato ƙaramar hukuma, ta mayar da shi wani ƙaramin flat a unguwar Hulme ta Manchester, aka kuma rage zuwan mai kula da shi. Da na je Manchester duba shi, warin danshi ya tarbe ni. Na ce, "Kawu, idan ka faɗi a nan, wa zai ji?"

Sai ya ja ni baranda, inda ya ajiye wani dutse mai ramuka kusa da kwanon ruwa.

"'Yata, lambun Sinawa da farko daji ne guda, sarakuna na farauta a ciki. Daga baya masana da suka bar aikin fada suka dawo da shi bayan katanga. Dutse ɗaya ya zama tsauni, kududdufi ya zama tafki, suka karkata hanya don kada ido ya ga ƙarshenta."

Yana murmushi, yana shafa dutsen. Can ya ce a hankali, "Ki riƙa kirana da safe, kin ji?"

Kullum sai na kira, ina jira har ya ɗauka. Wata safiya cikin sanyi wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, kada ya bar shi cikin kaɗaici.