Baba Haliru, Telan da Ya Farke Aikinsa Don Lema Ta Tashi

Kullum da an idar da sallar asuba, Baba Haliru yakan sauko daga bene na tara inda 'yarsa take zaune a unguwar Setapak, ya tsaya a mamak, wato shagon shayi na bakin titi, ya sha shayinsu mai madara, teh tarik, kofi ɗaya, ya sa a yi masa tapau, wato a ƙunshe masa gurasarsu ta roti biyu. Daga nan sai ya taka a hankali zuwa shagon Zaid, ya hau sama, ya buɗe taga, ya yaye ƙyallen da ya rufe keken ɗinkinsa. Kafin ya zura zare a allura sai ya miƙa hannu waje ya ji iskar ranar. Shekara tara ke nan yana haka. Ranar Laraba mai zuwa zai koma garinsu Bakura gaba ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani game da shi, ko da rubutun nawa ba wani mai kyau ba ne.

Sunana Yahuza. Tuwo nake tuƙawa a wani gidan abincinmu na 'yan Najeriya, shago uku tsakaninmu da na Zaid. Shi Zaid ɗan ƙasar nan ne, kayan wani wasan teku yake sayarwa. Mutum zai ɗaura ɗamara a ƙugu, ya taka allo, ya riƙe sanda mai igiyoyi huɗu, can sama kuma wata ƙatuwar lema mai kama da jinjirin wata ta cika da iska ta ja shi a kan ruwa. Su kait suke cewa. Baba lema ya kira ta tun ranar farko, mu ma muka bi shi.

Shi Baba telan manyan riguna ne a gida, shekara talatin. Da matarsa ta rasu, Dakta Kamila, 'yarsa da ke koyarwa a jami'a, ta ɗauko shi don ya huta. Hutun ya ishe shi. Wata rana ya ga Zaid a bakin shago yana fama da wata yagaggiyar lema da salatif, sai ya yi masa alama da hannu ya kawo.

Wannan labarin Zaid ne ya ba ni, kuma har yau ba ya iya ƙarasa shi ba tare da ya riƙe ciki ba. Lemar babba ce, mita goma sha bakwai, irin wadda ake tashi da ita ranar da iska ta yi rauni. Baba ya murza yadin, ya ji shi shara-shara kamar ledar burodi, ya ce a ransa lallai an cuci yaron nan. Ya tafi layin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ya sayo yadi mai kauri ya yi mata shafi, ya bi kowane ɗinki sau uku, sannan ya zauna ya yi mata aska takwas a tsakiya da koren zare, irin na gaban rigar ango. Kwana goma sha biyu ya yi a kanta. Aka kai ta bakin teku a Bagan Lalang, ƙarti huɗu suka cilla ta sama, ta faɗo tim kamar jiƙaƙƙen bargo.

Zaid, da yake kiran Baba Pakcik, wato kawu, ya dawo ya ce, “Pakcik, ta yi kyau sosai, amma tak boleh lah. Ba ta tashi.”

Baba ya ce, “Ikon Allah. Mu a garinmu riga in ba ta da nauyi ko tayawa ba a yi.”

Da wani dattijon ne, da ya yi fushi ya koma bene na tara. Baba bai yi ba. Ya ce a tafi da shi tekun. Asabar bayan Asabar yana zaune a kan tabarma da hularsa, yana kallon wace lema ke tashi, wace ke faɗowa, yana zuwa ya ɗaga su da hannu ya ji nauyinsu. Mutum mai shekara sittin ya koma koyon ɗinki daga farko: siririn zare, faci daidai girman yagewa, layi ɗaya in layi ɗaya ya isa. Waccan mai aska takwas ɗin kuwa aka kafe ta a bangon shago, duk wanda ya shigo sai ya yi hoto da ita.

Yanzu tun daga Cheras har Klang, duk wanda lemarsa ta yage wurin Baba yake kawowa. Kuma ba gyara kaɗai ba. Mai son saye ma sai Zaid ya ce ya hau sama tukuna. Baba zai dube shi daga kai har ƙafa ya ce, “Nauyinka nawa? A wane teku za ka yi?” In ya ji nan gefenmu ne, sai ya ce iskar nan mai kunya ce, a nemi lema babba mara nauyi mai haƙarƙari kaɗan, da igiya doguwa, da allo mai faɗi. Na ga ya hana wani Bature sayen lema mai tsada a gaban Zaid.

Yana da gwangwanin madara cike da ƙaiƙayin shinkafa. A bakin teku sai ya ɗebo ya saki daga daidai kafaɗa, yadda ya ga mahaifiyarsa na yi kafin ta fara sheƙa. In ya zube a ƙafarsa, a je a sha shayi. In ya yi taki ɗaya da rabi, a fito da babbar lema. In ya wuce taki uku, kowa ya yi abin da ya ga dama.

Ni kaina ban ji maganarsa ba. Zaid ya koya mini riƙe lema a kan yashi da cikin ruwa, sai na je na sayi wata ja ta hannu, mita tara, don ita nake gani a bidiyo ana tsalle da ita. George, abokina ɗan Jos mai kai mu a mota, ya dube ta ya ce, “Abeg Yahuza, kai da ka fi buhun masara nauyi, hankici ka sayo?” Baba bai yi dariya ba. Cewa kawai ya yi, “Ɗana, tana da kyau. Tawa ma ta yi kyau.” Wata bakwai ina shan ruwan gishiri, ban taɓa miƙewa a kan allo ba.

Da aka tsayar da ranar tafiyarsa, muna cin roti sai ya ce mini abu ɗaya ne ya rage masa. Ya ga Sinawa da Larabawa da Turawa suna gudu a kan ruwa da ɗinkinsa, amma bai taɓa ganin ɗan gida ba, wanda zai ce masa sannu da aiki da Hausa daga cikin teku. Na yi masa alkawari. Na fita ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Muka isa Bagan Lalang da azahar, teku kwance lif kamar faranti. Masu wasa duk suna gindin bishiya suna shan ruwan kwakwa. Zaid ya ɗaga na'urarsa ta auna iska ya girgiza kai. Baba ya saki ƙaiƙayi, ya zube a kan takalminsa.

Sai ya ce wa George ya ɗauko wata jaka daga mota. Da aka warware, ashe lemar bango ce. Babu shafin, babu koren zaren. Sati biyar ya yi yana farke ta da ƙaramar reza, ɗinki ɗaya-ɗaya, ya lilliƙe hudojin allura da siririn faci, Zaid ya sa mata sababbin tif na hura iska. Shi ya sa da ta ɓace daga bango suka ce wai an kai ta wanki.

Na ce, “Baba, aikinka na kwana goma sha biyu?”

Ya ce, “Ya sha kallo ya ƙoshi. Yau tashi za ta yi.”

Ya sa aka ƙara wa igiyoyin tsawo. Ya ture allona da ƙafa ya ce a ba ni na Zaid mai faɗin ƙofa. Ya ɗaure mini rigar ruwa da hannunsa, ya ja ya ji. Muka yi la'asar, muka jira. Can ya sake sakin ƙaiƙayi, George ya auna da ƙafa, ya yi ihu, “Ɗaya da rabi, Baba!”

Na farko na kifa. Na biyu lemar ta fara ja da baya za ta faɗo, na jiyo muryar Baba daga gaɓa: “Kar ka ja sandar kamar guga! Sassauta mata ta yi numfashi!” Na sassauta. Ta cika, ta yi gaba, na ji an ɗaga ni a hankali kamar an kama ni ta ƙugu, sai ga ni a tsaye, ruwa yana tsagewa a ƙarƙashina. Na ɗaga kai. Rana tana bayan lemar, kuma ga shatin aska takwas ɗin nan ɓaro-ɓaro inda zare ya taɓa bi. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, “Baba, sannu da aiki!”

George ya ce daƙiƙa arba'in na yi. Ni a wurina na kusa Indonesiya. Da na fito na tarar da Baba cikin ruwa har gwiwa da rigarsa, hularsa tana yawo a gefe, yana dariya yana goge ido yana cewa gishiri ne.

Baba, kai ne ka zo ƙasar da ba ka jin yarenta, ka yi kuskure a gaban jama'a, ka bari aka kafe shi a bango, ka riƙa dariya tare da masu dariya. Kai ne ba ka iya iyo ba, amma mutane da yawa sun koma gida lafiya saboda ɗinkinka bai saki ba. Gwanin allura, mai auna iska da ƙaiƙayi. Ba ka taɓa ce mini na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

Na gode. Allah ya kai ka Bakura lafiya, ya ƙara wa idonka haske, ya saka wa Dakta Kamila da ta kawo mana kai. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a a nan da gida, in an ce muku aikinku ya yi kyau amma bai tashi ba, kar ku ji haushi, ku je ku zauna ku kalla yadda Baba ya yi.

Jiya ya kira ni sama ya miƙa mini gwangwanin. Ya ce jar lemar nan tawa in adana ta, akwai ranarta. Amma kar in kuskura in fito da ita sai ƙaiƙayi ya wuce taki uku.